Birkin Motar 'Yan Makaranta

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da maigidanta, ita ta karɓi makullin motar. Ƙaramar bas ce fara, mai ƙofar da ake ja a gefe, wadda ya yi shekara da shekaru yana kai yaran unguwa makaranta da ita yana ɗauko su. Da farko iyayen yara sun yi ɗari-ɗari, wasu ma sun janye nasu. Amma da suka ga ba ta gudu, ba ta latti, ba ta kuma barin yaro ya leƙo kai ta taga, sai suka riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Yaran suka sa mata Anti Direba, sunan ya bi ta har bakin manya.

Tuƙi kam ta iya, shi ya koya mata tun suna sabon aure. Abin da ba ta sani ba shi ne cikin mota. Wannan duk maigidan ke yi. Shi ya san lokacin juyen mai, shi ke zuwa kasuwa ya zaɓo kaya da hannunsa, ya dawo da baƙi a farce yana mita kan 'yan kasuwa. Ita a lokacin ko sauraronsa ba ta cika yi ba.

Kwanakin nan sai motar ta fara wani siririn kuka duk lokacin da ta taka birki, musamman a gangaren da ke sauka zuwa ƙofar makaranta. Ta yi ta ce wa ranta ƙasa ce ta shiga. Ran nan da safe, suna cikin gangaren, 'yar ƙanin mijinta da ke zama a bayan kujerarta, wadda ake kira Aku saboda surutu, ta ce, "Anti, akwai ɓera a ƙarƙashin motarki!"

Yara suka kwashe da dariya. Ita kuwa ba ta yi dariya ba, don a daidai lokacin ta ji sai da ta ƙara danna ƙafa kafin motar ta tsaya. Tana sauke su ta wuce gareji.

Bakaniken da maigidanta ya saba da shi gajere ne ƙwarai, shi ya sa abokan aikinsa suka laƙaba masa Dogo. Garejin nasa rumfar kwano ce a bayan wani gidan mai, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin ta daskare. Ya tambayi jikin Oga, ya ɗaga motar da jak, ya sa kwano a ƙarƙashi tsohon mai yana zuba, sannan ya kwance tayar gaba. Ya zaro wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu ya miƙo mata.

"Kin ga wannan? Shi ake kira fad. Su biyu ne a kowace taya, su ke matse faifan nan idan kin taka birki. Sabo kaurin naman jikinsa ya kai ɗan yatsa. Dubi naki."

Ta duba. Abin da ya rage bai fi kaurin farce ba, wani gefen ma ƙarfe ne tsirara yana ƙyalli.

"Da wannan nake ɗaukar 'ya'yan mutane?"

"Da shi fa. Allah ne ya tsare. Ki je ki sayo baƙin mai da filta da fad na gaba. Fambel kuwa, bel ɗin injin nan, zai kai ki wani sabis ɗin. Ni ba na saya wa mutum kaya, Oga ya sani, kada gobe a ce na ci wani abu a kai." Ya naɗe mata tsohon a tsumma. "Ki tafi da wannan a gwada. Wurin wa za ki?"

"Wurin Auta mana, ƙanin Oga."

Dogo ya shiga goge hannunsa da ya riga ya goge. Ta san shi da Auta ba sa ga maciji tun wani rikici da suka taɓa yi kan kayan da aka mayar, don haka ba ta ɗauki abin da muhimmanci ba.

Layin 'yan kayan mota kuwa sai ka yi da gaske ka ratsa. Tayoyi jibge a bakin shaguna, fitilu da madubai a rataye, salansa a jingine kamar itacen girki. Ko'ina kira ake: "Hajiya me ake nema? Zo nan, akwai na asali!" Ta rungume tsummanta ta sunkuyar da kai har shagon ƙanin mijinta.

Auta na hango ta ya miƙe yana washe baki. "A'a, matarmu! Yau kin tuna da ƙaramin mijin naki ke nan? Ko mota ce ta tuna miki?"

"Kai dai Allah ya shirye ka. Wa zai bar babba ya bi ɗan ƙwailo?"

Ya yi dariya, ya share mata benci. Auta mutum ne mai hayaniya da saurin fushi, amma tun da yayansa ya kwanta bai taɓa gajiya ba. Shi ke goya shi ya sa a mota ranar asibiti, shi ke yi masa aski. Ya buɗe tsumman, ya yi tsaki, ya ce ai da ta faɗa masa tuntuni. Ya ɗauko galan ɗin mai da filta, sannan ya taka kujera ya sauko da wani kwali ja mai sheƙi, da tambari mai walƙiya a gefe.

"Sabon zuwa ne. Na asali. Ko a hannun Yaya ba a taɓa sa wa motar nan irinsa ba."

Ta buɗe jaka, ya dafe bakin jakar. "Kada ki ɓata min rai. Motar Yaya ce, 'yata ma a ciki take yawo. Tashi ki je."

Ta fito ranta fes, har tana jin kunyar tsoron da ta ji da safe.

Dogo ya karɓi mai da filta ya ajiye a gefe. Da ya zo kan jan kwalin sai ya daɗe. Ya fiddo fad ɗaya ya jinjina a tafin hannu, ya juya bayansa, ya kai shi hasken rana yana kallon inda naman ya haɗu da ƙarfen.

"Lafiya, Malam Dogo?"

"Anti, ni ban ce jabu ba ne."

"To me ka ce?"

"Ban ce komai ba. Yanzu kayan nan sun rikice, ni kaina an sha cutata. Kwali ya fi na asalin kyau, tambari ya fi na asalin ƙyalli. Zai iya zama mai kyau ne. Hannuna ne dai bai yarda da shi ba. Irin wannan idan ya yi zafi a gangare, wani sa'in naman yakan rabu da ƙarfen, ki taka ki ji wayam. In kin ce in ɗaura, yanzu zan ɗaura. Motarki ce."

Ta zauna a kan wata tsohuwar taya. Idan gabar da ke tsakaninsu ce ke magana fa? Ta mayar wa Auta kyautarsa, a kan maganar mutumin da ya tsana, bayan duk abin da yake yi musu? Maganar ba za ta tsaya a shago ba, sai ta zagaye dangi kaf: matar Yaya ta ce Auta na sayar da jabu. Idan kuma hannun Dogo ya yi gaskiya? Sai gangaren makarantar ya faɗo mata a rai, da ƙofar ƙarfen da ke ƙasansa, da yaran da ke tsallaka titi a guje da jakunkuna a baya.

Ta kalli motar, tana tsaye a kan jak ba taya, ba mai a cikinta. Rana ta fara ɗagawa, kuma dole kafin a tashi daga makaranta ta kasance a bakin ƙofa.

"Zuba man ka sa filtar," ta ce. "Ina zuwa."

Ta tari mai babur ta nufi gida. Ta sami maigidan inda ta bar shi, a kujerarsa ta bakin ƙofar ɗaki, rediyo na magana a gefensa, maƙwabciyar da ke leƙa shi ta ajiye masa ruwa. Ciwon ya tafi da hannunsa na dama, ya kuma tafi da maganarsa, kalma ɗaya tak ya bar masa: "To." Da ita yake gaisuwa, da ita yake ƙin magani, da ita yake faɗa. A hankali ta koyi bambanta su, har takan yi wa mutane fassara.

Ta durƙusa a gabansa ta sa masa fad ɗin a hannun hagu. "Baban yara, duba min wannan. Auta ne ya ba ni. Dogo ya ce bai yarda da shi ba. In sa ko kada in sa?"

Idonsa ya yi wani haske da ta daɗe ba ta gani ba. Ya jinjina shi, ya kai hanci ya shinshina, ya kankare gefen da farcen babban yatsa. Ya ɗago ya dube ta, bakinsa na motsi, jijiyar wuyansa ta tashi.

"To," ya ce.

"To in sa?"

"To! To..."

"Kada in sa? Ɗaga min kai kawai, ko ka girgiza."

Ya ɗaga kai, ya kuma girgiza, kamar yadda yakan yi idan ya rikice. Ya sake yunƙurawa, maganar na nan a bakinsa ta ƙi fita. Fad ɗin ya suɓuce ya faɗi a siminti, hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Ta yi sauri ta share masa da gefen mayafi tana cewa, "Yi haƙuri, na gane, wallahi na gane." Alhali ba ta gane komai ba. Ta tsinci abin ta fito tana jin haushin kanta, ta zo ta tayar wa mara lafiya hankali a banza.

A kan babur ta yi ta shirya maganar da za ta faɗa wa Auta, tana isa duk ta watse. Ta tarar da shi da maƙwabtan shago biyu suna hira. Ya ga kwalin a hannunta, fara'arsa ta ragu.

"Bai yi daidai ba ne?"

"Ya yi. Auta, zo mu shiga ciki."

"Faɗi a nan, matar Yaya, ba baƙo. Wannan gajeren ne ko? Me ya ce?"

"Bai ce jabu ba ne. Ya ce dai hankalinsa bai kwanta ba. Ni kuma nawa ya tashi. Don Allah a ina ka samo su?"

Nan take ya haɗe rai. Ya ce shi za a tambaya inda ya samo kaya? Shekarunsa nawa a layin nan? Mutumin da ko sunan kayan bai iya karantawa ba shi zai zauna a ƙarƙashin rumfa ya ɓata masa suna, ita kuma ta ɗauko ta kawo masa har shago a gaban mutane? Muryarsa ta yi sama, masu wucewa suka fara tsayawa. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Saura kaɗan ta ce ya yi haƙuri ta juya a ɗaura kawai.

Amma ta yi ta maza, ta sassauta murya. "Auta, ni ban san mota ba. Ban san na asali ba, ban san jabu ba. Na je wurin yayanka, ya so ya gaya min ya kasa. Abin da na sani, Aku a bayan kujerata take zama, kanta dab da kafaɗata. In ka ce min ka tabbata, ka tabbata har zuciyarka, na rantse yanzu zan koma a ɗaura, ba zan ƙara tambaya ba."

Ya fizge kwalin. "Tabbas kike so? Bari ki gani da idonki."

Ya fiddo ɗaya ya kafa shi a gefe a kan dakalin shagon, ya ɗauko guduma da kurfi, ya saita bakin kurfin a inda naman ya haɗu da ƙarfe. "Na asali ko kwana za ka yi kana duka sai dai ya ɓantare, ba ya rabuwa. Ku matso ku shaida."

Bugu ɗaya ya yi, ba ma da ƙarfi sosai ba. Naman ya ɓalle gaba ɗayansa kamar ɓawon burodi, ya faɗi ƙasa ya dare biyu. Ƙarfen ya rage fes, da ɗan shafin gam a tsakiya.

Auta ya ɗauko na biyu ya buga, haka. Ya taka kujera ya sauko da wani kwalin ya farke ya buga, haka. Gudumar ta zame daga hannunsa. Ya zauna a bakin dakalin, zufa na keto masa.

"Wani sabon dila ne," ya ce a hankali, ba tare da ya dubi kowa ba. "Ya nuna min takardu, ya nuna min komai." Can ya zabura. "Na sayar wa mutane. Innalillahi, na sayar wa mutane!"

Ita ba ta ji daɗin cewa gaskiyarta ta fito ba. Sai ma ta tuna saura ƙiris ta ce a ɗaura. Kuma har yanzu motarta ba birki.

Auta ya ja ƙofar shago ya rufe. Ya ce ta biyo shi. Suka ratsa har ƙarshen layin, zuwa wani babban shago na wani dattijo wanda kamfanin motar ke ba kaya kai tsaye, inda Auta ya sha cewa ko a mafarki ba zai taka ba saboda tsadarsu da jin kansu. Ya shiga da kansa a ƙasa ya ce a ba shi kwali biyu. Kwalin ma ba kyau, ruwan toka ne duk ya dushe. A bakin shagon ya ari guduma ya fiddo ɗaya daga kwali na biyu ya dinga jibga. Gefen ya ɓantare, gudumar na tsalle, naman ko gezau. Sai da dattijon ya ce, "Kai yaro, ya isa, za ka fasa min dakali," sannan ya bari.

Ya miƙa mata ɗaya kwalin. "Je ki. Ki ce wa Dogo..." Ya kau da kai. "Ki ce masa na gode."

Dogo ya jinjina sabon, ya gyaɗa kai, ya kama aiki. Da ta isar masa da saƙon bai ɗago ba, ya ce, "Allah ya rufa asiri." Ita kuwa ta kasa zama. Lokacin tashi ya yi, wayarta ta fara ruri. Malamar da ke tsaron ƙofa ta kira, uwar wasu tagwaye ta kira tana faɗa, wai in ba za ta iya ba ta faɗa musu su nemi wani. Ta yi ta ba da haƙuri tana kallon hannun Dogo, tana so ta ce ya yi sauri, tana tsoron ya yi saurin.

Da ya sauke motar ya ce ta taka birkin ta saki, ta taka ta saki, har ya yi tauri. Suka zagaya bayan gidan man tare. Ya gargaɗe ta cewa sabon fad sai ya ɗan zauna kafin ya kama sosai, ta bi a sannu. Wannan maganar ta tsaya mata a rai duk hanya. Da ta iso kan gangaren makarantar, ta riƙe sitiyari gam. Ta sa giya ta ƙasa, ta taka tun daga sama. Motar ta rage gudu shiru, ta tsaya nesa da ƙofar, har yaran sai da suka tako suka same ta. Suka shigo suna ƙorafin yunwa, Aku na ba da labarin wanda aka yi wa bulala. Ta raba su gida-gida tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, na baya suna ta yi mata hon.

Da yamma Auta ya zo gidan, idonsa ja. Ya zauna a ƙasa kusa da kujerar yayansa. Ya ce ya bi duk waɗanda ya tuna ya sayar wa, wasu ba su riga sun ɗaura ba, wasu ya kai su an cire. Saura mutum ɗaya, wani direban bas mai dogon zango, wayarsa ba ta shiga. Dilan kuwa tasa a kashe take. Ta kawo masa abinci bai taɓa ba. Suka zauna su uku suna kallon wayar a kan tabarma, yana kira yana sakewa. Maigidan ya miƙa hannunsa mai lafiya ya dafa kan ƙaninsa ya bar shi a nan.

Rana na dab da faɗuwa wayar ta shiga. Ana jin ƙugin inji da hayaniyar fasinja. Direban ya ce ai tun shekaranjiya aka ɗaura, birki lafiya lau, yanzu haka yana hanya da mota cike. Auta ya shiga yi masa bayani yana haɗa magana, mutumin ya ce shi fa ba zai zubar da fasinja a daji saboda zato ba, in ya dawo sa yi magana.

Ta karɓe wayar. "Malam direba, ni ma direba ce, yara nake ɗauka. A gabana aka buga irin wanda ke motarka, bugu ɗaya ya rabu. Ba zato ba ne. Akwai gangare a gabanka?"

"Akwai, bayan garin da za mu shiga."

"To don girman Allah ka tsaya a garin. Ka gaya wa fasinja gaskiya, su zage ka, ba komai."

Direban ya ce zai tsaya a tashar garin, amma wa zai kawo masa wani?

Auta ya riga ya miƙe yana neman takalmansa. Ya ce yanzu zai biya gidan dattijon ya roƙe shi ya buɗe shago, daga nan ya bi motar farko da ya samu. A bakin ƙofa ya juyo kamar zai yi tsokanar da ya saba, bai yi ba, ya ce, "Ku sa ni a addu'a, matar Yaya."

Washegari da hantsi Auta ya bugo ya ce an canza, bas ɗin ta wuce. Da bakaniken can ya kwance, ɗaya daga cikin fad ɗin har namansa ya fara ɗagowa a gefe. Tana bakin gidan mai lokacin, ta kashe wayar ta daɗe a zaune, sai da mai zuba man ya ƙwanƙwasa gilashi ya tambaye ta na nawa za a sa.